Taimako dan Allah, taminal na cewa command not found har da ls da sudo

Ɗan_Bolari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah ina neman taimako cikin gaggawa. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe nan cikin Gombe, furojet ɗina manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ce da Django, wato kayan haɗa manhajar yanar gizo da Python, difens ya kusa kuma sufabaiza ya ce ba zai sa hannu a babi na huɗu ba sai ya ga abin na aiki da idonshi. Laftof ɗin HP ce 'yar gwanjo, na sa mata Ubuntu 22.04 saboda Windows ta mata nauyi.

Ga yadda aka yi, na buga pip install django ya sauke komai ya ce Successfully installed, akwai wani rubutu mai ruwan ɗorawa da ya fito kafin nan amma ban riƙe me ya ce ba. Da na buga django-admin startproject asibiti sai ya ban wannan:

Command 'django-admin' not found, but can be installed with:
sudo apt install python3-django

To ni kuma yanzun nan na gama instolin ɗinshi a kan idona data ta tafi, ta yaya zai ce babu. Sai na duba YouTube wani ya nuna a buɗe .bashrc, fayil ɗin da ake karantawa duk sanda aka buɗe taminal, a ƙara layi ɗaya a can ƙasa, na ƙara wannan:

export PATH="/home/hp/.local/bin"

na rufe taminal na buɗe sabo. Abin mamaki django-admin ya fara aiki har ya ƙirƙiro foldar, amma sauran komai ya mutu wlh, ls baya yi, clear baya yi, nano baya yi, sudo baya yi, python3 ɗin ma kanshi wai command not found. cd da pwd da echo ne kawai ke amsawa. Na kai wajen wani mai gyara ya duba ya ce sistem ɗin ya yi kirash sai dai fomatin, ni kuma babi ɗaya zuwa uku duk suna ciki ban kwafa ko'ina ba. Akwai mafita ko in haƙura a yi fomatin ɗin?

Mai_Caji_Pantami:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka kwashe fayilolinka a filash ka koma Windows kawai ka huta, Linux ɗin nan wahala ce, mu da muka gwada mun gudu. Ga difens a gabanka ba lokacin gwaje gwaje bane.

Injiniya_Tumfure:

Kar ka yi fomatin ƙanina, kar ka bari kowa ya taɓa maka laftof ɗin nan. Babu abin da ya goge, ls ɗinka da sudo da python3 duk suna nan zaune a /usr/bin inda suke tun ranar da ka sa Ubuntu. Aikin minti biyu ne kuma ko data ba ka buƙata. Amma shawarar kwafe babobinka a filash ita kam ka ɗauka yau ɗin nan, ba don wannan matsalar ba, don laftof 'yar gwanjo bata sallama in zata tafi.

Bari in maka bayanin abin da ke faruwa kafin gyaran, don in ka gane shi ba zai ƙara tayar maka da hankali ba. Duk sanda ka buga umarni a taminal, bash, wato manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, ba ya bin hard disk gaba ɗaya yana nema. Yana da jerin foldoji da aka rubuta mishi a wani abu da ake ce ma PATH, su kaɗai yake leƙawa, ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, inda ya fara samu nan yake tsayawa, in ya ƙare jerin bai samu ba sai ya ce command not found. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne ka lissafa mishi shago shida ka ce nan zaka duba, ko da kayan na shago na bakwai a jikin na shidan zai dawo ya ce maka babu, kuma bai yi ƙarya ba. Buga echo $PATH ka gani, a Ubuntu mai lafiya zaka ga su /usr/local/sbin da /usr/local/bin da /usr/sbin da /usr/bin da /sbin da /bin har da /snap/bin, an raba su da ɗigo biyu. Kai naka yanzu folda ɗaya tak zaka gani.

Matsalarka ta farko kenan, pip da ka buga ba da sudo ba ya ajiye django-admin a /home/hp/.local/bin, wannan foldar kuma lokacin bata cikin jerin. Rubutu mai ruwan ɗorawan nan abin da yake faɗa maka kenan, yana cewa an sa django-admin a wuri kaza which is not on PATH. Ta biyun kuma layin da ka ƙara ne, maimakon ya ƙara foldar a kan jerin sai ya share jerin duka ya bar ita kaɗai, saboda babu :$PATH a ƙarshenshi. Shi ya sa django-admin ya tashi sauran suka kwanta. Su cd da pwd da echo da export a cikin bash ɗin kanshi suke, ba fayiloli bane da sai an je nema, shi ya sa suka tsira, kuma da su zamu yi gyaran.

Buɗe taminal ka buga wannan daidai yadda yake, kar ka sa sarari kafin alamar = ko bayanta:

export PATH=/usr/local/sbin:/usr/local/bin:/usr/sbin:/usr/bin:/sbin:/bin

Gwada ls, zai dawo nan take. Amma na wannan tagar ce kawai, kana rufewa ya tafi, don haka kar ka rufe, buga nano ~/.bashrc ka gangara ƙasa ka mayar da layin nan haka:

export PATH="$HOME/.local/bin:$PATH"

Ctrl da O sai Enter ya yi sebin, Ctrl da X ka fita, ka buɗe sabon taminal. In dogon layin farkon ya maka wuyar kwafa daga waya, buga /usr/bin/nano ~/.bashrc kai tsaye, in ka ba bash cikakken adireshin abu baya ma kallon PATH. In kuma ka ga ka hargitsa fayil ɗin da yawa akwai sabo fil a ajiye, /usr/bin/cp /etc/skel/.bashrc ~/.bashrc zai dawo maka da na asali, sai dai duk abin da ka taɓa ƙarawa a ciki zai tafi.

Abin da zai baka haushi ma shi ne tun farko ba ka buƙatar taɓa .bashrc ɗin. A cikin ~/.profile na Ubuntu akwai 'yan layuka da suke cewa in foldar .local/bin tana nan a sa ta cikin PATH, amma lokacin shiga akawun kawai ake karanta shi, kai kuma sanda ka shiga foldar bata wanzu ba tukuna, pip ne ya ƙirƙiro ta daga baya. Da ka fita ka sake shiga ko ka kashe laftof ka kunna da shikenan. Masu bidiyon nan basu cika faɗin wannan ba. Ka gode Allah ma a .bashrc ka sa, waɗanda suke yin irin wannan a .profile ko /etc/environment wani lokacin ko shiga basa iya yi, suna sa faswod ya dawo da su wajen faswod, sai an bi ta Ctrl Alt F3 a gyara.

Mai_Caji_Pantami:

Toh Injiniya Allah ya ƙara basira, amma ka ga abin da nake faɗa ai, alama ɗaya ka manta komai ya tsaya. A Windows ban taɓa ganin haka ba.

Injiniya_Tumfure:

Akwai shi a Windows malam, saƙon ne ya bambanta. Is not recognized as an internal or external command ɗin nan da cmd ke faɗa ai shi ne, kuma can ma PATH ne. Duk wanda ya yi instolin Python a Windows bai danna ɗan akwatin Add python.exe to PATH da ke ƙasan shafin farko ba ya san shi. Kuma can ma in ka shiga Environment Variables ka goge Path zaka ga aiki.

Yar_Gwallameji:

Salam. Daga Bauchi nake bin maganan, abin da Yaya Injiniya ya faɗa daidai ne ba gyara, zan ƙara abu biyu uku ne kawai.

In taminal ɗin na baka tsoro yanzu akwai hanyan da ba sai ka buga komai ba, buɗe Files inda foldojinka suke, danna Ctrl da H ɓoyayyun fayiloli masu ɗigo a gaba zasu fito, ka buɗe .bashrc da edita kaman kowane rubutu ka goge layin ka yi sebin. Shi Files bai damu da abin da ka rubuta a .bashrc ba, lafiyanshi ƙalau.

Sannan dan Allah in sudo ya dawo kar ka bi shawaran da Ubuntu ya baka na sudo apt install python3-django. Shi abin da ke bada shawaran nan ma'ajiyan apt, wato mai sauke manhajojin Ubuntu, kawai ya sani, bai san me pip ya ajiye maka ba. Django ɗin da ke apt na 22.04 shi ne 3.2, wanda masu Django suka daina kula da shi tun Afrilun 2024, zaka wayi gari da Django biyu a laftof ɗaya, wannan umarnin ya kira tsohon wancan ya kira sabon, ka rasa gane daga ina era ke fitowa ana jibi difens. Ba kullum shawaran ke zama kuskure ba fa, in git ne ko curl ko gcc ka nema ya ce a yi apt install to ka bi, sai dai ka fara da sudo apt update in ba haka ba zai iya ce maka Unable to locate package. Ni ka'idana kafin in ƙona data in sake sauke abu sai na tambaya ko yana nan, pip show -f django zai nuna maka inda aka sa shi, type -a da sunan umarnin zai nuna duk inda bash ke ganinshi, in ba ka ga komai ba ka leƙa ls ~/.local/bin da idonka.

Inda na ɗan saɓa da Yaya shi ne ni ba zan ma bar Django a .local ba. Yi venv wa furojet ɗin, wato foldan da zai riƙe kayan Python na wannan furojet ɗin kaɗai, shi ne tsari:

sudo apt install python3-venv
cd asibiti
python3 -m venv venv
source venv/bin/activate
pip install django

Zaka ga sunan venv ya fito a farkon layin taminal. Ba wani siddabaru activate ɗin ke yi ba, foldan venv/bin yake ɗauka ya sa a gaban PATH na wannan tagan, shi ya sa in ka rufe ka buɗe sabo dole ka sake source ɗin, in ka manta sai ka ga No module named django ko command not found ya dawo ka ɗauka abu ya sake lalacewa. Yaran da nake koya wa a nan kullum a nan suke faɗuwa, musamman in an ɗauke wuta batir ya mutu sun kunna daga baya.

Dalilin da ya sa na nace, duk ranan da ka koma Ubuntu 24.04 wannan pip install ɗin da ka yi a fili ba zai ma yarda ba, zai ce externally-managed-environment ya tura ka venv ko pipx, tun 23.04 suka fara haka, Debian 12 ma haka. Gara ka saba tun yanzu. Kuma in ka yi pip freeze > requirements.txt ka sa a filash tare da furojet ɗin, ko laftof ɗin wani aka ce ka yi difens da shi ka san me da me zaka sauke. Foldan venv ɗin kam kar ka kwafa zuwa wani sistem, adireshin laftof ɗinka ne a rubuce cikinshi ba zai yi aiki a can ba, sabo zaka yi.

Af, python3 -m django startproject asibiti ma yana yin aikin django-admin sak, ba ruwanshi da .local/bin na cikin PATH ko baya ciki.

Ɗan_Bolari:

Alhamdulillah!! Injiniya Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, ina buga layin export ɗin ls ya dawo, na gyara .bashrc na buɗe sabon taminal komai na yi har sudo. Anti na gode sosai, babobin suna filash yanzu har na tura ma kaina a imel. venv ɗin sai dare in na sa data.

Amma wasu sun sake fitowa kar ku gaji da ni. Littafin da nake bi ya ce python manage.py runserver, ni kuma in na buga sai ya ce Command 'python' not found, did you mean python3. Sannan ina so in buɗe manhajar a wayar sufabaiza ta hotspot ya gani, aka ce in duba IP da ifconfig shi ma wai not found. Na gwada sudo django-admin ko zai fi ƙarfi shi ma ya ce command not found alhali ba sudo yana yi. Ko dai akwai sauran abin da na ɓata ne?

Injiniya_Tumfure:

Amin ƙanina. Ba abin da ya ɓaci, ukun nan kowanne da dalilinshi kuma ba ɗaya bane da na jiya.

python babu shi ne da gaske. A da in ka ce python a Ubuntu Python 2 kake kira, shi kuma an rufe babinshi 1 ga Janairun 2020, to daga 20.04 sai suka bar sunan ba kowa a kai, python3 kawai ke zuwa. Ka buga python3 manage.py runserver. In hannunka ya saba da gajeren akwai ɗan ƙaramin fakej, sudo apt install python-is-python3, ba abin da yake yi illa ya sa python ya nuna python3. Amma tunda zaka yi venv ɗin da Hajiya ta ce ba ka ma buƙatarshi, cikin venv python da pip duk suna aiki da gajeren sunansu. Na yarda da ita a kan venv ɗin, na so ne ka fara fita daga ramin tukuna.

ifconfig tsohon kaya ne na fakej ɗin net-tools, Ubuntu sun daina sa shi tuntuni. Ba sai ka sauke ba, ip a zai baka duk bayanin, hostname -I kuma ya fi sauƙi lambar kawai zai fito maka da ita. Tunda a waya zaka nuna, runserver haka kawai ba zai yi ba don laftof ɗin kaɗai yake saurara, sai ka ce python3 manage.py runserver 0.0.0.0:8000, ka buɗe settings.py ka sa lambar IP ɗin cikin ALLOWED_HOSTS in ba haka ba wayar zata nuna DisallowedHost, sannan a burauzar wayar ka rubuta lambar da :8000 a ƙarshe. Waya da laftof dole su kasance kan hotspot ɗaya, kuma lambar na iya canzawa in ka kashe ka kunna, ka sake dubawa a ofishin kafin ka miƙa mishi wayar. Ka gwada a gida da wayarka tukuna.

Na sudo kuma da gangan ne. sudo baya amfani da PATH ɗinka, yana da nashi jerin da ake ce ma secure_path a cikin /etc/sudoers, kuma .local/bin ɗinka baya ciki, don kar wani ya ajiye mugun fayil a foldarka ya sa mishi suna ls ka zo ka kira shi da ikon root, wato babban akawun mai iko da komai. Kar ka je gyara sudoers ɗin nan. Django baya buƙatar sudo ko kaɗan, in ka ƙirƙiri furojet da sudo ma fayilolin na root zasu zama ka dawo kana faɗa da Permission denied wajen sebin. sudo pip install ma ka kiyaye shi, yana iya taka fakejin da Ubuntu kanta ke dogaro da su.

Bakatsine_a_Kashere:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na nan. Abokina ya turo min wani setup.sh ta WhatsApp, in na buga setup.sh ya ce command not found alhali ina cikin foldar ina ganinshi da ls, in na ce bash setup.sh kuma sai ya cika min allo da $'\r': command not found layi layi. PATH ɗina lafiya lau na duba yadda Injiniya ya ce.

Yar_Gwallameji:

Malam naka biyu ne a haɗe. Foldan da kake tsaye ciki baya cikin PATH a Linux, ko kana ganin fayil ɗin sai ka nuna mishi da ./setup.sh, ɗigo da sandan nan na nufin wanda ke nan inda nake. In ya ce Permission denied ka yi chmod +x setup.sh ka sake. In kana son tabbatarwa buga echo $? bayan era ɗin, 127 na nufin ba a samu umarnin ba, 126 kuma an samu amma an kasa tada shi.

Shi kuma \r ɗin, abokinka a Windows ya rubuta fayil ɗin. Windows na rufe kowane layi da alama biyu, Linux da ɗaya, to ragowan ɗayan ne bash ke ɗauka kaman umarni yana nema, duk layin da ba komai a kai sai ya yi ƙorafi. Gyaran:

sed -i 's/\r$//' setup.sh

ko ka buɗe a VS Code ka duba can ƙasa ta dama zaka ga CRLF, danna ka mayar LF ka yi sebin. Akwai dos2unix ma amma sai ka sauke shi, sed kuwa yana nan tuntuni. Kafin ka tada shi dai buga cat setup.sh ka karanta me ke ciki, in ka ga sudo ko rm a wani layi ka tambayi abokin naka me layin ke yi.